Kwanukan Umma da Hoton Kawu Sale

Takalma na fara gani a Dubai, tun kafin dogayen benayen da kowa ke ba da labari. Da muka fito daga lif a wani tsohon bene a Al Buteen, Abba na gaba yana laluben mukulli, Umma na rungume da kwalin da ta hana kowa taɓawa tun daga Kano, ni kuwa idona na ƙasa kamar kullum. Sai ga tulin takalma a ƙofar da ke kallon tamu: silifas, kambas, da manyan takalman aiki masu ƙarfe a baki. Can gefe, an ajiye wani takalmin fata ruwan ƙasa a jere tsaf. Igiyar ƙafar hagunsa ta tsinke, an ɗaure ta da siririyar waya, an murɗa ta da kyau kamar zobe. Na ce a raina, mai wannan takalmi ba ya aikin gaggawa.

Ina rubuta muku wannan ne, ke Nana da kai Sadik, domin ƙanena Nasiru ya lalata labarin. Duk Sallar da aka haɗu sai ya ce wai uwarku ta taɓa miƙewa a otal ta yi wa manyan mutane wa'azi har suka yi kuka. Ban yi wa kowa wa'azi ba. Mutum ɗaya ce ta zubar da hawaye ranar, ita ma yaji ne ya sa ta. In kun yi wayo ku karanta wannan, ku bar kawunku da nasa.

Mai takalmin nan shi ne Kawu Sale. Ba ɗan'uwanmu ba ne. Mutumin Gumel ne, mai walda a wani kamfanin gine-gine, yana hayar gado ɗaya a filat ɗin da ke kallon namu tare da wasu samari. Amma a baƙon wuri duk babban da ya ji Hausa kawu ne. Shi ya gyara mana murhun gas a makon farko, ya ƙi shan ko lemo. Ni ba na iya ɗaga ido in gai da mutane, sai in durƙusa in yi ƙus-ƙus in wuce, shi ya sa ya raɗa mini suna.

"Malama Shiru, an dawo? Yau dai ba a kashe kowa da surutu a makaranta ba ko?"

Kullum haka yake cewa, kullum sai na shige gida da gudu ina dariya a cikin hijabi. Na san fitarsa da dawowarsa ba tare da na gan shi ba. In takalmin aiki ba ya nan, na fata na nan, ya tafi aiki. In na fata ne ba ya nan, yana masallaci. A shekara ta biyu da zuwanmu, lokacin da ayyuka suka tsaya aka bar benaye rabi da rabi, sai na lura takalmin aikin ya daina motsi. Ƙura ta kwanta a bakinsa. Ban faɗa wa kowa ba, don ban san abin faɗa ba ne.

A makaranta mu biyu ne kawai masu jin Hausa a ajinmu, ni da Rahila. 'Yar Kafanchan ce, Kirista, babanta yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Duk abin da Allah ya rage mini na baki ya ƙara mata. Ita ta ja hannuna, a zahiri ja, har zuwa ɗakin da ƙungiyar hidima ta makaranta ke taro.

"Yalla, maza shiga! Ba magana za ki yi ba, ɗaure kwali za ki yi. Ko shi ma kwalin kunyarsa kike ji?"

Wannan ƙungiya ta ɗalibai ce, amma tana da uwa. Wata ƙungiyar manya ce ta kafa ta: likitoci, 'yan kasuwa, injiniyoyi, 'yan ƙasashe iri-iri, masu haɗuwa a wani otal a unguwar Port Saeed. Su ke ɗinka mana riguna masu ruwan ɗorawa, su ke biyan motar da ke kai mu, kuma duk aikin da muka zaɓa sai sun amince. Sukan turo mutum ɗaya ya zauna a bayan aji in muna taro. Tamu ita ce Dakta Nadiya, likitar haƙori 'yar Masar, doguwa, mai tabarau rataye da sarƙa. Ba ta cika sa baki ba, sai dai ta ce, "To, wa zai yi? Yaushe?" Daga nan duk mai cika baki ya yi tsit.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji a ƙungiyar nan ba. Mun tsince shara a bakin teku har na ga kaguwa da idona. Mun tara littattafai mun kai sashen yara na wani asibiti. Ranar da aka maƙala mana bajo, manyan suka zo da kansu, kowanne ya tsaya gaban ɗalibi ɗaya. Dakta Nadiya ta maƙala mini nawa a karkace, ta cire ta sake, ta ce mini a hankali da Turanci, "Ke ce mai ɗaure kwalin da ba ya kwancewa." Ashe ana ganina! Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na kwana da bajon a ƙarƙashin matashi, Nasiru ya yi ta tsokanata wai an naɗa ni sarkin kwali.

Azumin shekarar ya faɗo cikin hutun zafi, amma ƙungiya ba ta hutu. Muka zaɓi rabon buɗa-baki ga ma'aikata a Naif, manya suka amince, suka yi magana da wani gidan abinci. Murna a wurina ba a cewa komai, don Naif kamar unguwarmu ce: nan ofishin kagon Abba yake, inda ake aika kaya gida, nan nake jin Hausa na tashi daga kowane lungu, mata 'yan kasuwa na ciniki, masu tura kaya na ihun a ba su hanya. Muka kafa tebur bayan la'asar, aka ɗaura ƙyalle mai sunan ƙungiyoyin biyu. Rahila ba ta azumi, amma tun safe ban ga ta kai ruwa baki a gabanmu ba, kuma ita ta fi kowa zirga-zirga. An ba ta kyamara, domin dokar manya ce kowane aiki a ɗauki hotonsa a nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa. Ni aka sa ni miƙa kwalayen shinkafa. Layi ya miƙe har kwana. Ina miƙawa, ana karɓa, idona na ƙasa, zuciyata fal. Ina ganin silifas, ina ganin kambas, ina ganin ƙafafun da suka sha rana.

Sai ga igiya ɗaure da waya.

Na ɗaga kai ban shirya ba. Kawu Sale ya ja hularsa har gira, ya rufe baki da hankici kamar mai mura. Bai san ni ce a bayan tebur ba sai da ya iso, don rigunan sun mai da mu iri ɗaya. Hankicin ya zame. Hannuna na kan kwalin, nasa na ƙarƙashi, muka kalli juna. A daidai nan na ji ƙyas, hasken kyamarar Rahila. Bai ce Malama Shiru ba. Ya karɓa, ya juya, ya shige cikin mutane.

Washegari babu takalmin fata a ƙofa. Ba fita ya yi ba, don ina jin tarinsa daga cikin ɗakinsu. Shigar da shi ciki ya yi. Ya daina bin lif, ya koma matakala. Abba ya ce ya yi masa sallama a masallaci, ya amsa a taƙaice ya canza sahu.

A benenmu akwai Anti Memuna, 'yar Zongon Kumasi, tana aikin wanki da guga a wani ƙaramin otal. Babu abin da ke faruwa a benen da ba ta sani ba, Abba na kiranta gidan rediyo. Ta shigo ana gab da shan ruwa ta tarar da ni na yi tagumi, Umma ta matsa mini har na faɗi abin da ya faru. Anti Memuna ta tafa hannu.

"Ei, Hafsa! Kun kashe bawan Allah da ransa. Kin san uwarsa a gida ta ɗauka har yanzu yana aiki? Kin san an sa masa rana bayan Babbar Sallah? A Naif fa kuka yi! Alhazan nan da hajiyoyi da ke zuwa sari, kaya kaɗai kike tsammani suke komawa da shi? Labari ya fi kwantena saurin isa gida."

"Anti, ai abinci ne kawai," in ji Nasiru.

"Rufe mini baki, kai da ba ka taɓa kwana da yunwa ba. Yunwa a ɗaki take kwana, ba wanda ya sani. Hoto kuwa ƙafa gare shi."

Abba ya ce a bar maganar, mutanen nan alheri suka yi niyya, kuma mu baƙi ne, ba mu za mu koya musu yadda ake aiki ba. Umma kuwa ta tashi ta ja kujera, ta hau, ta sauko da kwalin nan da ta rungumo daga Kano. Kwanukan samira ne masu murfi, farare da jan fure, na jerenta tun na aure. Tun zuwanmu ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ta ɗauraye uku, ta zuba dambu da ƙosai, ta rufe, ta ɗaure kowanne da ɗan ƙyalle.

"A gidanmu a Yakasai ba a kafa wa maƙwabci layi," ta ce. "Kwano ake aikawa a rufe. Mai shi ya sa, marar shi ya sa, ba wanda ya san wa ya fi wani buƙata. Ɗauki wannan ki kai ɗakin su Memuna. Nasiru, wannan na Bukar mai gadi ne, wannan na su Kawunku Sale."

Kwanon Anti Memuna ya dawo da wani baƙin yaji na mutanen Gana a 'yar kwalba, mai ƙamshin kifi. Na mai gadi ya dawo da dabino uku da ɓarin goro. Na tsaya ina kallonsu kamar ban taɓa ganin goro ba. Na san wannan al'ada tun ina ƙarama, ni ake aika da kwano a Kano, amma ban taɓa tambayar me ya sa kwano ba ya dawowa fanko ba sai ranar. Na Kawu Sale ma bai dawo fanko ba. Ya dawo da dambunsa, ƙullin ƙyallen yadda Umma ta ɗaura. Wani saurayi ya miƙo wa Nasiru, ya ce an gode, sun riga sun ci. Umma ta kwance ƙullin, ta duba, ta mayar da murfi.

"Abin ya yi zurfi," ta ce.

Kwana biyu bayan haka Rahila ta kira ni a wayar gida, tana ihu har Umma na ji daga kicin. An zaɓi hotonta! Manya sun ce shi ya fi duk na makarantun da suke riƙe da su. Za a buga shi a babban ƙyalle, a sa a shafinsu na intanet, a shigar da shi gasa, kuma wanda ya ɗauka za a kai shi wani taron matasa a Maskat ta ƙasar Oman. An gayyace mu shan ruwa a otal ɗinsu don a nuna shi. Na tambaye ta wanne hoto, alhali na sani.

"Naki mana! Ke da wani mutum, kuna kallon juna. Hafsa, in kin ga idonsa! Dakta ta ce hoton na magana."

Na gaya mata ko wane ne. Na gaya mata maganar takalmi da ta kwano. Nan take muryar Rahila ta canza.

"To ni na ce ya shiga layi? Ke ko sau ɗaya kin taɓa buɗe baki a taro? Sai yau da abu ya zo kaina? Babana har ya gaya wa mutanen cocinmu."

"Ban ce ki yi komai ba."

"Ai gara ki ce. Wannan shirun naki ya fi zagi."

Ta kashe waya. Ranar da za mu otal na ɗauki kwanon samira ɗaya, na sa kwalbar yajin Anti Memuna da goron mai gadi a ciki, na ɗaure, na cusa a jakar makaranta. Ban san me zan yi da shi ba. Na dai ji ba zan iya zuwa hannu sake ba.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Ta tagar ɗakin taron ana hango jiragen katako jere a bakin ruwa, an tula musu firji da tayoyi da buhuna, rana na faɗuwa a bayansu. Kafet ɗin ya haɗiye ƙarar tafiya. Takalman manyan duk baƙaƙe ne masu sheƙi, sai na Dakta Nadiya, farare marasa tsini irin na masu yini a tsaye. Duk da abin da ke cina, sai da na ji daɗi ya kama ni: ga sunana a ɗan kati a kan tebur, ga cokula har uku, ga wani dattijo ɗan Indiya yana tambayata me nake so in zama kamar amsar za ta amfane shi. Aka sha ruwa, aka yi salla, shugabansu ya buga 'yar ƙararrawa. Aka rage fitila. Sai ga fuskar Kawu Sale ta cika bango, ta fi ƙofa girma, har ana ganin zufar da ke gefen hancinsa. Aka ɗauki tafi.

Shugaban ya tambaya ko akwai ɗalibin da ke da abin cewa. Irin tambayar nan ce da ba a jiran amsarta. Na ji kujerata ta yi ƙara, ashe na miƙe. Turancina ya gudu ya bar ni. Na ciro kwanon na ajiye a kan farin ƙyallen tebur, tsakanin cokulan. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne:

"Wannan maƙwabcinmu ne. Shi ya gyara mana gas."

Wani ya yi 'yar dariya. Dakta Nadiya ta sa tabaranta, ta ce in ci gaba, a hankali, ba wanda ke sauri. Na ci gaba, ina kallon fararen takalmanta. Na ce mahaifiyarsa ba ta san aikinsa ya tsaya ba. Na ce tun ranar hoton ya daina gai da mu. Na ce a Naif akwai da yawa da suka tsallaka titi da suka ga kyamara, na ga ƙafafunsu sun nufo mu sun juya. Sannan na kwance kwanon na faɗi yadda ake yi a garinmu.

Wani ɗan kasuwa mai furfura ya ɗaga hannu. Bai yi faɗa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce mutanen da ke ba da gudummawa suna son ganin inda ta tafi, in babu hoto baɗi ba lalle a samu shinkafar ba. Dakta Nadiya kuma ta leƙa cikin kwanon ta ce akwai wata matsalar.

"Habibti, 'yata, dokarmu ta hana ɗan ƙungiya karɓar komai daga wanda ya taimaka wa. Ko alawa."

"Dakta," na ce, "in ba mu karɓa ba, sadaka muka ba shi. In mun karɓa, maƙwabta ne mu."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, ina jin ta Umma ce ta biyo ni. Dakta ta ɗauki kwalbar ta jujjuya, ta tambaya mene ne. Na ce wata mai aikin wanki ce ta mayar mana da shi. Ta buɗe, ta ɗebo da cokali, cike, kafin in ce shwayya, wato kaɗan-kaɗan, ta kai baki. Nan fa ido ya yi ja! Tana tari tana fifita baki da katin sunanta, hawaye na zuba, dattijon nan ɗan Indiya na miƙa mata madara yana dariya har da buga tebur. Da ta samu numfashi ta ce:

"Khalas, shi ke nan, na karya doka. Ku rubuta ni ce ta farko."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ma na ji numfashina ya dawo. Amma fuskar Kawu Sale na nan a bango. Dakta ta goge ido, ta juya wajen Rahila. Ta ce hoto na wanda ya ɗauka ne, ba za su ƙwace mata ba, kuma ta sani in an janye shi babu gasa, babu tafiya. Rahila ba ta kalle ni ba. Ta daɗe tana murza bajonta.

"A cire," ta ce. Sai ta ƙara da Hausa, don ni kaɗai: "Kin ji daɗi?"

Aka kashe na'urar, bango ya koma fari. Manyan suka yi ta muhawara, wasu na so wasu na ƙi, a ƙarshe suka ce a gwada a bene ɗaya, namu, na sauran kwanakin azumi. Abincin daga gidan abincinsu zai ci gaba da fitowa, amma a juye a kwanuka masu murfi, a bi ƙofa-ƙofa, har da ƙofofin masu hali. Hoto kuwa na kwanuka kawai za a ɗauka. Sai sharaɗi ɗaya: ba za su bar ɗalibai su riƙa ƙwanƙwasa ɗakunan mutane su kaɗai ba. Dole a samu babban mutum daga cikin benen, wanda kowa ya sani, ya shige gaba. In ba a samu ba, a koma tebur.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Ɗan wata makaranta ne ya tafi Maskat. Rahila ba ta ƙara yi mini magana ba har bayan Ƙaramar Salla, kuma ko da muka shirya, ta daina jan hannuna zuwa wurare, sai dai in bi ta da ƙafata. Wannan Anti Rahilar da ke aiko muku da hotunan tsuntsaye, ku sani ita ta biya kuɗin maganar da na yi, ba ni ba. Kwanukan Umma ma biyu sun dawo da ƙwarzane, ɗaya bai dawo ba sam.

Amma a daren nan ban san duk wannan ba. Na dawo gida ina zuba kamar an kunna rediyo, Nasiru ya saki baki yana kallona. Abba ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce shi dai ba zai iya shige mana gaba ba, kayan Salla sun taso, ba ya barin ofis sai an kira magariba. Mai gadi ba ya barin ƙofa. Anti Memuna, da ta shigo ta tarar ana zancen, mace ce, ba za ta shiga ɗakunan samari ba, amma ta ɗauki mayafinta tun ban rufe baki ba, na san kafin sahur duk benen ya ji an janye hoto. Na ce da Umma gobe zan je in ba Kawu Sale haƙuri.

"Kul," ta ce. "Ba shi haƙuri tuna masa ne. An ba shi, an ba shi, har ya gaji da karɓa. In za ki je, ki je da buƙata."

Washegari bayan la'asar na sa rigar ƙungiya, na cire, na sake sawa. Na ɗauko kwanukan duka, fanko, na jera su a kan faranti har suna kai mini haɓa. Taku huɗu ne tsakanin ƙofarmu da tasu, ban taɓa yin su ba. Ina fitowa na ga takalmin fata a wurinsa na da, a jere, wayar na ƙyalli. Zuciyata ta yi tsalle har kwanukan suka yi ƙara. Babu hannun ƙwanƙwasawa, sai na yi sallama, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Aka buɗe. Shi ne, da carbi a hannu. Ya dubi rigar, ya dubi kwanukan, ya dubi gefe. Ni kuwa na ɗaga kai na dube shi sosai.

"Kawu, ina yini. Aiki aka ba mu, an ce sai da babba a gaba, kuma duk benen nan ba ƙofar da ba a buɗe maka. Ni ban iya sallama ba, ka sani. Don Allah ka sa takalminka ka zo ka shige mana gaba."